Gadon Zama Ɗan Ƙasar Poland: Inda Igiyar Take Tsinkewa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka.

Bari mu fara da gyara fahimta. Wanda kakansa ɗan Poland ne, in ya kai takardunsa, ba roƙon hukuma yake ta ba shi ƙasa ba. Cewa yake ta duba ta tabbatar da abin da aka haife shi da shi. Shi ya sa babu jarrabawar harshe, babu sharaɗin zama a can, ba a kuma ƙayyade kaka na nawa ba. Igiyar jini kawai ake bi, tun daga wanda ya bar ƙasar har zuwa kanka, kada ta tsinke ko a wuri guda. Kowane lamari kuwa ana auna shi da dokar da ke aiki ranar da ya faru, dokokin kuma huɗu ne: ta 1920, ta 1951, ta 1962, da ta 2009 wadda ta fara aiki a 2012.

Ranar farko da za ku riƙe ita ce 31 ga Janairu 1920, ranar da dokar 1920 ta fara aiki. Kafin 1918 babu Poland a taswira, maƙwabtanta uku sun raba ta. Wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zama ɗan can kafin wannan rana, galibi bai taɓa riƙe abin da zai gadar ba, ko da a Warsaw aka binne cibiyarsa.

Tsakanin wannan rana da 19 ga Janairu 1951, ranar da dokar 1951 ta fara aiki, a nan yawancin takardu suke mutuwa. A wancan zamani ɗan aure uba yake bi, wanda aka haifa ba ta aure ba shi ke bin uwa. To in kakarka ce 'yar Poland, ta auri baƙo ta haifi mahaifinka a 1948, igiya ta tsinke. Da a 1952 ta haife shi, da maganar ta sha bamban. Haka kuma a wancan zamani mutum yana rasa ƙasarsa in ya karɓi ta wasu, ko ya shiga sojan wata ƙasa, ko ya kama aikin gwamnatinta ba da izini ba. In uba ya rasa, matarsa da 'ya'yansa 'yan ƙasa da shekara 18 sukan bi shi.

Amma akwai wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba. Namijin da aikin soja na tilas yake kansa, dokar 1920 ba ta sake shi don kawai ya karɓi takardar wata ƙasa, sai hukumar soja ta sallame shi. An yi dokar ne don kada samari su gudu, yau ga shi ita ke ceton jikokinsu. Don haka a lissafa shekarun kaka a ranar da ya zama ɗan wata ƙasa, kada a yi saurin yanke ƙauna.

Na kusa da mu su ne 'ya'yan waɗanda suka je karatu Poland suka auro mata daga can. Nasu ya fi sauƙi, domin a dokar 1962 uwa kaɗai ta isa. Sai dai a bincika ko iyayen sun je gaban hukuma cikin wata uku da haihuwa sun zaɓa wa jaririn ƙasar uba, domin dokar ta ba su wannan dama.

Sai hujja. Takardar haihuwa a Poland wurin haihuwa kawai take nunawa, ba ta isa ba ita kaɗai. A nemi tsohon fasfo, katin shaida, littafin soja, ko rajistar mazauna gari. Rajistar haihuwa da ta haura shekara 100 tana komawa ma'adanar tarihi ta ƙasa, can za a rubuta. Sannan a haɗa takardun haihuwa da na aure na kowane mutum a jerin. A kula da sunaye: harafi ɗaya da ma'aikacin shige da fice ya canza yana iya jawo wasiƙar neman ƙarin bayani da jinkirin watanni.

Ana cike fom da harshen Poland, takardun waje kuma sai mai fassara da ya yi rantsuwa a gaban hukumar ƙasar, ko ƙaramin jakada, ya fassara su. Na Najeriya sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin jakadancin Poland a Abuja an buga musu hatimi. Mai yanke hukunci shi ne gwamnan lardi, wanda suke kira wojewoda, kuma wanda bai taɓa zama a ƙasar ba, na Warsaw ne zai duba nasa. In ya ƙi, kwana 14 gare ka ka ɗaukaka ƙara zuwa ministan harkokin cikin gida. In ya amince, sai a shigar da haihuwarka a rajistar Poland, a ba ka lambar PESEL, wato lambar shaidar mutum a rajistar ƙasar, mai alƙaluma 11, sannan ka je da kanka a ɗauki zanen yatsunka don fasfo.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa abin magana.