Wanda Aka Bari A Baya: Lacca Kan Amurkawan Da Gwamnatoci Ke Tsarewa A Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna ji na? To madalla. Don Allah a ɗan rage fankar nan, tana shiga lasifika.

Abu uku nake so mu taɓa yau. Na farko me ya sa ake kama waɗannan mutane, na biyu yadda ake fito da su, na uku kuma mene ne 'yanci shi kansa.

To na farko. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan garkuwa da mutane ba, kusan kowa a zauren nan ya san gidan da aka sayar da gona ko shanu aka kai kuɗin fansa daji. Abin da ake yi wa Amurkawan nan a Rasha da Iran da Koriya ta Arewa shi ne dai, sai dai shi wannan mai garkuwar yana da kotu da alƙali da hatimi, kuma ba kullum kuɗi yake nema ba, wani lokacin mutuminsa yake so a sako masa. Ku ɗauki Brittney Griner, 'yar wasan ƙwallon kwando. An kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022 da man wiwi da bai kai giram ɗaya ba, aka yanke mata shekara tara. A Disambar shekarar aka kai ta Abu Dabi aka yi musayarta da Viktor Bout, dillalin makaman da Amurka ta yanke wa shekara 25. Haka Evan Gershkovich, ɗan jaridar Wall Street Journal, an kama shi a Yekaterinburg a Maris 2023 aka ce leƙen asiri yake, aka yanke masa shekara 16, sai ranar 1 ga Agusta 2024 aka yi babbar musaya a Ankara, mutum 24, kuma wanda Putin ya fi matsawa a ba shi shi ne Vadim Krasikov da ke ɗaure a Jamus saboda ya harbe mutum da rana tsaka a wani lambu a Berlin a 2019. Kun ga ashe na haɗa na farko da na biyun, to shi kenan, mu wuce, don akwai inda nake sauri in kai.

Inda nake son kaiwa shi ne wanda aka bari. Duk musayar da aka yi, ana nuna mana jirgi ya sauka ana rungume-rungume ana kuka, amma akwai wani yana can cikin ɗaki ya ji labari cewa an tafi ba da shi ba. Wallahi wannan shi ya fi tsaya min a rai. Paul Whelan, tsohon sojan Amurka, tun Disambar 2018 yake hannun Rasha, aka fitar da wani Ba'amurken, Trevor Reed, a Afrilun 2022 yana nan, aka fitar da Griner yana nan, sai 2024 ya fito.

Amma ku saurari labarin Siamak Namazi. Ɗan kasuwa ne, Ba'amurke ɗan asalin Iran, an kama shi a Tehran a Oktoban 2015 aka kai shi kurkukun Evin. Bayan wata uku, Janairun 2016, aka yi yarjejeniya aka saki Jason Rezaian na jaridar Washington Post wanda ya yi kwana 544, da wasu, shi kuwa aka bar shi. To mahaifinsa, Baquer Namazi, tsoho ne mai kusan shekara tamanin, tsohon ma'aikacin UNICEF, ya taso ya zo Tehran a Fabrairu don neman ɗansa, yana sauka aka kama shi shi ma. Iyaye da ke nan, ku ɗan tsaya a nan. Uba ya biyo ɗa, sai aka rufe su a gidan yari ɗaya, aka yanke wa kowannensu shekara goma. Ka yi tunanin kana ɗaki ka san babanka mai ciwon zuciya yana wani ɗakin saboda kai ya zo. Saboda kai ya zo fa! Ni ban san wane duka ne ya kai wannan zafi ba. Tsohon bai samu barin ƙasar ba sai Oktoban 2022, lokacin jiki ya riga ya lalace, aka wuce da shi neman magani.

Shi kuma ɗan, aka sake musaya a 2019 aka bar shi, aka sake a 2020 aka bar shi. A Janairun 2023 ya yi yajin cin abinci na kwana bakwai, kwana ɗaya a madadin kowace shekara tun da aka fara barinsa, ya rubuta wa Shugaba Biden wasiƙa, kuma kun san me ya roƙa? Ya ce a cikin kwanakin nan bakwai shugaban ya ware minti ɗaya kullum ya tuna da Amurkawan da ke tsare a Iran. Minti ɗaya. Da na fara jin wannan abin da ya faɗo min shi ne Annabi Yusuf alaihissalam, lokacin da ya ce wa abokin zamansa da zai fita, ka ambace ni a wurin ubangidanka, mutumin ya fita ya manta, Yusuf ya ƙara shekaru a kurkuku. Tun wancan zamanin abin da ɗaurarre ke tsoro kenan, mantuwa. Ba bango ba, ba ƙaramin kwano ba, a manta da kai. Mai ɗan'uwa a daji ma ya san wannan, satin farko gida cike da masu jaje, bayan wata uku uwar kaɗai ke tashi cikin dare. Siamak bai fito ba sai 18 ga Satumba 2023, kusan shekara takwas, su biyar aka kai Doha, bayan an mayar da dala biliyan shida na Iran da ke maƙale a Koriya ta Kudu zuwa bankunan Katar.

Ina muke, na uku ko? To 'yanci. Lokaci ya tafi, zan gaggauta. Otto Warmbier ɗalibi ne, ya je yawon buɗe ido Koriya ta Arewa, Janairun 2016 aka kama shi aka ce ya yi yunƙurin ɗauke wata fasta a otal, shekara 15 da aiki mai tsanani. Yunin 2017 aka dawo da shi gida ba ya magana ba ya gane kowa, bayan kwana shida ya rasu yana ɗan shekara 22. A takarda an sake shi. Sannan ga Ilya Yashin, shi ɗan Rasha ne ɗan adawa, yana cikin waɗanda aka fitar a musayar Ankara, da ya isa Jamus ya ce shi bai nemi a yi musayarsa ba, korarsa aka yi daga ƙasarsa. Don haka ni a wurina buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba, 'yanci shi ne kada a mayar da kai haja, a ɗora maka farashi ba da saninka ba, a...

(Wani matashi ya miƙe daga baya: "Malam, a gafarce ni, barka da ƙoƙari. Amma ita Amurkar fa? Guantanamo fa?")

Yauwa ƙanena, Allah ya yi maka albarka, tambayarka a kan hanya take kuma ba zan kauce mata ba. Tun Janairun 2002 mutum kusan 780 suka ratsa Guantanamo, kurkukun sojan Amurka da ke tsibirin Cuba, mafi yawansu ba a taɓa gurfanar da su gaban kotu ba. Zalunci ne, sunansa kenan. Amma ka lura, Siamak ba shi ya gina Guantanamo ba, babansa ma ba shi ba, kuma irin wannan tunanin na a kama ɗan ƙasa a biya bashin gwamnatinsa shi ne ainihin cutar da muke magana a kai. Bari in ba ka suna ɗaya ka riƙe. Sami al-Hajj, ɗan Sudan, mai ɗaukar hoto na Aljazeera. An kama shi a iyakar Pakistan da Afghanistan a Disambar 2001 yana kan aikinsa, ya shafe sama da shekara shida a tsare ba tuhuma, mafi yawansu a Guantanamo, shi ma ya yi yajin cin abinci sama da shekara guda ana ɗura masa ta hanci, shi ma yana kallo ana sakin wasu ana barinsa. A Mayun 2008 aka sauke shi a Khartum, a kan gadon marasa lafiya aka fito da shi daga jirgi, kai tsaye asibiti.

Na ga hannu a ɓangaren mata tun ɗazu. A miƙa wa Hajiya lasifikar, sai mu tashi sallah.