Ƙwallon gilashi mai cibiya: yadda ake gane tsohuwa da yadda ake cinikinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku kalli ƙwallayen gilashin nan guda biyu da ke kan allo. Turawa mabul suke ce musu, 'yan ƙananan nan da yara ke harbawa da babban yatsa a ƙasa. A ido kusan ɗaya suke, ta dama ma ta fi sheƙi, amma ita a buhu ake sayar da irinta, ta hagun kuwa da kuke gani kamar ta sha wuya, akwai mutanen da za su yi ta rige-rigen tayi a kanta. Toh me ya raba su? Abun da ya sa harkar nan take da wuya shi ne mabul ba ta da tambari, ba sunan kamfani, ba shekara, ba komai a rubuce, ba kamar tsohon kwabo ba da za ka juya ka karanta. Jikinta kawai za ka karanta, kuma karatun daga cibiya yake farawa.

Bari mu je Jamus tukun. Akwai wani ɗan gari a cikin duwatsu da dazukan yankin Turingiya sunansa Lausha, tun 1597 aka kafa maƙerar gilashi a wurin, sana'ar gado ce, su ne masu yin idon gilashi na 'yar tsana da na mutanen da suka rasa ido, da ƙyale-ƙyalen bishiyar Kirsimeti. In kun taɓa ganin yadda Masaga na Bida ke narka kwalba suna murza ta a kan ƙarfe suna fitar da tsakiya da awarwaro, toh kun riga kun fahimci rabin aikin. A ƙarshen shekarun 1840 ne dangin Greiner na garin suka fito da wani almakashi, baki ɗaya wuƙa ne ɗayan kuma ɗan kofi ne mai zagaye, shi ya sa aka iya yin mabul da yawa a rana har ta zama kayan fitarwa waje, musamman zuwa Amurka.

Ga yadda suke yi. Sai a fara haɗa doguwar sanda ta gilashi, a jera siraran zaren launi a ciki, a lulluɓe da farin gilashi mai garai-garai, a sake jera wani launin a sake lulluɓewa, kamar dai mai naɗa tabarma. Sannan a sa bakin sandar a wuta ya yi laushi, a murɗa shi, shi ya sa kuke ganin zaren ciki a murɗe, a danna cikin kofin almakashin ya yi zagaye, a datse. Inda aka datse ɗin nan sai ya bar tabo, kuma tunda daga sanda ɗaya ake ta yanko su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana fitowa da tabo biyu, sama da ƙasa. Wannan tabon ni nake kira cibiya, don da gaske nan ne aka yanke ta daga uwarta. Ka sa farce ka shafa, za ka ji ɗan kaushi, wani lokacin an goge shi ya zama ɗan fili kamar fuskar dutsen zobe, wani lokacin an ɗan narka shi da wuta, wani kuma an bar shi haka nan. Sannan ka duba zaren ciki, zai taso daga cibiya ɗaya ya nufi ɗayar. In ka ga haka, aikin hannu ne. Kuma kar ka damu in ba ta yi zagaye cif ba ko akwai 'yan kumfar iska a ciki, hannun mutum ne ya yi.

A cikin na Jamus ɗin ma aji-aji ne. Wadda aka fi samu ita ce mai raga a tsakiya, fararen zare ko rawaya sun saƙu kamar ragar kamun kifi. Akwai wadda suke kira fatar albasa, launi ya rufe ta ruf daga ciki kamar ɓawo. Akwai Lutz, mai ɗauke da ratsi yana walƙiya kamar zinare, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa, ba zinare ba ne wallahi, ɓurɓushin jan ƙarfe ne a cikin gilashi. Sunan ma aro ne, na wani maƙerin gilashi Bafaranshe ne Nicholas Lutz da ya yi aiki a Amurka, masu tarawa suka laƙa mata sunansa alhali a Jamus aka yi su. Sai wadda ni ta fi burge ni, salfaid, gilashi garai-garai da ɗan mutum-mutumi a tsakiya, zakara ko kare ko zaki ko lamba, yana haske kamar azurfa amma farin yumɓu ne. Ita wannan cibiya ɗaya gare ta don ba daga sanda aka yanko ta ba, ɗai-ɗai ake yinta. An sha yin jabunta, saboda haka sabon shiga ya yi a hankali da ita.

Toh daga nan sai Amurkawa suka shigo. A garin Akron na jihar Ohayo akwai wani mutum Martin Christensen, asalinsa ɗan Denmak ne, shi da farko injin yin ƙwallayen ƙarfe na boris ya ƙirƙira, sai ya ce ai abun da ya mulmula ƙarfe zai mulmula gilashi, a 1905 ya samu takardar mallakar injin nasa. Har lokacin mutum ne ke ɗebo narkakken gilashi da sanda ya ɗiga, inji kuma ya mulmula, shi ya sa nasa suna da wata alama da masu tarawa ke nema, launin ya naɗe a saman kamar an rubuta lamba 9 da 'yar jela. Yaƙin duniya na farko da ya ɓarke a 1914 ya datse kayan Jamus daga shiga Amurka, kasuwa ta koma hannun masu inji, duk da shi kamfanin Christensen ɗin bai daɗe ba, 1917 ya rufe.

Anan fa nake so ku natsu, don mutane suna ɗauka duk abun da inji ya yi banza ne. Ba haka ba ne sam. Na inji na tsakanin shekarun 1920 zuwa 1940 akwai waɗanda sun fi na hannu tsada nesa ba kusa ba. Su ba su da cibiya, abun da suke da shi ɗinki ne, wani ɗan layi inda wuƙar inji ta yanke gilashin, kuma kowane kamfani da irin ɗinkinsa da irin launinsa, kamar yadda mai ido zai kalli hula ya ce maka wannan aikin wane gari ne.

Akro Agate su ne manya. Da farko saye suke daga wurin Christensen su zuba a kwalinsu su sayar, daga baya a 1914 suka koma Kilaksbag a jihar Wes Bajiniya inda iskar gas da yashin gilashi suke da arha, suka yi ta yi har 1951. Alamarsu hankaka ne riƙe da mabul. Wadda aka fi saninsu da ita mai murɗin igiya ce, ratsi ɗaya ya taso daga sama yana zagayawa har ƙasa bai taɓa tsallaka kansa ba, ka bi shi da ido, in ya haye kansa ko ya watse toh ba ita ba ce. Peltier na garin Ottawa a Ilinoi su kuma ɗinki biyu da ratsin launi masu kauri a tsakani. Marble King da aka kafa a 1949 suna da mai baƙi da rawaya da ake kira da sunan ƙudan zuma. Amma wadda kowa ke mafarki ita ce ta Christensen Agate, wani kamfani daban da ya ari sunan Christensen kawai, ya yi 'yan shekaru daga 1925 zuwa 1933 ya mutu, ƙarancin kayansa da kaifin launinsa suka sa yau ake rububinsu. Shahararriyar tasu sunanta Gini, wato zabuwa, eh zabuwar da kuka sani, saboda ɗige-ɗigen launin da ke jikinta kamar zanen zabo.

Wadda yawancinmu muka sani kuwa, garai-garai da ganyen launi a tsakiya, idon mage kenan. Daga Japan ta fara kwararowa a farkon shekarun 1950, arharta ta karya kamfanonin Amurka da dama, yau kuma Vacor na Meziko da masana'antun Chana suna zubo mabul ba adadi. In ka samu gwangwani cike da idon mage a kayan gwanjo, ka ba yara su yi wasa, mafi yawansu ba su da wani kuɗi. Haka 'yar ƙwallon nan mai launin kore mara ado da ake samu a wuyan kwalbar lemo irin wadda wani Bature Hiram Codd ya ƙirƙira a 1872, wadda har yanzu ake amfani da irinta a Indiya da Japan, ita kwalbar in tana nan lafiya ta fi ƙwallon daraja, don yaran wancan zamanin fasa su suka yi ta yi suna cire ƙwallon.

Yanzu kayan aiki. Ba wani abu mai yawa ba ne: gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, tocila mai haske sosai, ma'aunin kauri irin na makanikai, sai tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Girman da aka saba shi ne kusan milimita 16, na Jamus kuwa akwai masu kai milimita 50, kuma a na hannu in girma ya ƙaru kuɗi ma sai ya yi tsalle. Ita tocilar shuɗi in ka haska wasu za su yi kore shar kamar an kunna musu wuta a ciki, sinadarin yuraniyom ne ɗan kaɗan a gilashin. Abun sha'awa ne, amma kar wani ya ce maka tunda ta yi haske tsohuwa ce, haske shaida ɗaya ce kawai cikin shaidu.

Sai maganar lafiyar jiki, wadda ita ce ke yanke farashi. Ku tuna kayan wasa ne, yara sun harba su a ƙasa shekara da shekaru, don haka samun wadda ba ta taɓa buguwa ba shi ne wahalar. Masu harkar suna da sunaye, ɗan ƙaramin tsaguwa kamar kan allura cizon ƙuma suke ce masa, wanda ya fashe daga ciki ya yi lauje kuma wata suke ce masa. Suna ba da maki har zuwa 10, daga 9 zuwa sama ita ce garau. Mabul iri ɗaya, kamfani ɗaya, ɓallewa guda tak za ta iya zubar da rabin kuɗinta ko fiye. Kun ga abun mamakin kenan, tabon da maƙeri ya bari kuɗi ne, tabon da yaro ya bari asara ne, kuma sabon shiga duk tabo yake gani.

Wannan ne ya haifar da gurzawa. Mutum zai ɗauki wadda ta sha bugu ya sa a inji ya cinye fatar waje har ta yi sumul tana ƙyalli. In ya faɗa maka an gurza ba laifi, ka saya da arha ka ajiye don kyau, matsalar wanda zai yi shiru ne. Yadda za ka kama shi, ka nemi cibiya, mabul mai zaren Jamus a ciki amma sama da ƙasa sumul ba kaushi ko kaɗan, an aske ta kenan. Ka duba kumfar iskar da ke kusa da fata, gurzawa tana buɗe su su zama 'yan ramuka masu kaifin baki. Wani ma ba ya wahalar da kansa, ruwa ko mai zai shafa kafin ya ɗau hoto, duk ƙarzunan sai su ɓace. Shi ya sa in a intanet za ka saya, a eBay ne ko a zaurukan masu tarawa na Facebook, ka ce a turo maka hoto a bushe, ta kowane gefe, da cibiyoyin biyu, da ma'auni a jikinta, kuma ka tambaya ƙarara ko an gurza. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Farashi kuma kar ka kalli abun da mai kaya ya rubuta, kowa na iya rubuta abun da ya ga dama, ka nemo nawa aka sayar da irinta a baya. Yawancin tsofaffin ma 'yan daloli ne, ƙalilan ne ke kai ɗaruruwa, waɗanda suka kai dubbai kuwa a manyan gidajen gwanjo ake jin labarinsu. Tsofaffin 'yan harkar da yawa ma musaya suka fi yi, ba ni Akro uku in ba ka Peltier ɗaya, a yi ta ja-in-ja kamar cinikin rago ana gobe Sallah. In kuma ka ci karo da su a cikin kwalinsu na asali, don Allah kar ka yar da kwalin ko ya yage, sau da yawa shi ne kaɗai takardar shaidar da ke faɗin kamfanin, wani kwalin ya fi abun da ke cikinsa kuɗi.

Ajiya kuma, kar a zuba su a kwalba ɗaya ana girgizawa, kowane ƙaras da kuka ji cizon ƙuma ne sabo. Kowace da ɗan gurbinta, ko a naɗe da tsumma mai laushi. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu ya isa, ban da tafasasshen ruwa don tsohon gilashi yana iya tsagewa daga ciki nan take.

Mu koma kan biyun da muka fara da su. Ta dama, ga ganye a tsakiya, ba cibiya, idon mage ce ta zamani. Ta hagu bari in juya muku ita a hankali, ga kaushi a sama, ga wani a ƙasa, ga farar raga a murɗe daga wannan zuwa wancan, ga ɗan wata guda a gefe inda wani yaro ya taɓa harbinta. Ta Jamus ce, aikin hannu, kuma ba a gurza ta ba.