Calendly: Me Ya Sa Ake Kama Maka Lokaci Ana Tsakiyar Sallar Juma'a?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana biyun nan ƙorafi ɗaya ke ta yawo tsakanin 'yan kasuwa da masu koyarwa ta intanet a nan Kaduna: mutum ya buɗe Calendly, wato manhajar da mutane ke zaɓar lokacin ganawa da kai ta intanet, ya tura wa abokan hulɗa link ɗinsa, sai ga wani ya kama ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a, shi kuwa yana sahu a Masallacin Sultan Bello.

Rajistar ba wuya, ku bi allon kawai. Ka shiga da Gmail ɗinka, ka zaɓi tsawon ganawa, a ce minti 30, ka haɗa Zoom ko Google Meet, don ba a cikin Calendly ake hirar ba, aikinsa tsara lokaci ne. Af, ɗan Najeriya ne ya kafa shi, Tope Awotona, haifaffen Legas, a 2013 a birnin Atlanta na Amurka. Abin alfahari ne wallahi.

To, a nan za mu ɗan zauna. A cikin Calendly akwai wurin da aka rubuta Availability, wato lokutan da za a iya kama ganawa da kai. Yadda yake zuwa, Litinin zuwa Juma'a ne, tara na safe zuwa biyar na yamma, a buɗe gaba ɗaya. Yawancin mutane wucewa suke yi ba su taɓa shi ba. Ka danna Juma'a, ka sa tara zuwa sha biyu, sannan ka taɓa alamar ƙari ka buɗe wani zango daga uku zuwa biyar. Haka za ka yi wa Azahar da La'asar a sauran ranaku.

Amma da sauran rina a kaba. Calendly ba ya ganin abin da ke ranka, abin da ka rubuta a kalandar da ka haɗa masa, kamar Google Calendar, kaɗai yake karantawa. Ɗaurin auren da za ka je Zariya ranar Alhamis, in ba ka shigar ba, a wurinsa kana nan zaune. Ko ka shigar ma, duba nan da kyau: in ka sa shi a matsayin abin wuni guda, Google na barinsa a kan Free, wato ba ka da uzuri. Sai ka mayar da shi Busy da hannunka, sannan ranar ta rufe.

Ni shawarata, ka bar tazarar minti 15 tsakanin ganawa da ganawa. Wuta na iya ɗaukewa, kafin ka tada janareta wani na jiranka.

Bambancin lokaci kuwa kada ya dame ka. Wanda ke Saudiyya, da ke gabanmu da awa 2, da agogonsa zai ga jadawalin.

Kafin ka tura wa kowa, buɗe link ɗin da kanka, ka danna Juma'a mai zuwa. In ƙarfe ɗaya da rabi bai fito ba, sai ka kwafa ka jefa a WhatsApp.