John Wooden, kocin da yake fara darasi da yadda ake sa safa

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Ku ɗauka yau an ɗauke ku a ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar da ta fi kowace ƙarfi a Amurka, ranar farko kun zo da zumuɗi kuna jiran koci ya fito da dabaru, sai kawai dattijo ya ce kowa ya zauna ya cire takalminsa, wai yau yadda ake sa safa za a koya. Ba wasa yake ba fa. Zai nuna maka ka ja safar daga yatsu, ka bi da hannu ka shafe ta har diddige, kar ka bar ko ɗan lanƙwasa ɗaya, don lanƙwasar nan ita ke kawo bororo a ƙafa, mai bororo kuwa ba ya iya gudu. Wannan dattijo shi ne John Wooden na jami'ar UCLA da ke Los Angeles.

An haife shi a 1910 a jihar Indiana, ɗan manomi ne. Ya buga wa jami'ar Purdue wasa ya yi suna sosai, amma da ya gama a 1932 aji ya koma, malamin Turanci a makarantar sakandare, yana haɗawa da horar da yara. Shekara 11 yana wannan aiki, kuma ni a ganina duk wanda bai gane cewa malamin makaranta ne ba, to bai gane Wooden ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya karɓi ƙungiyar jami'ar Indiana State. A 1947 aka gayyace su wata babbar gasa wadda ba a barin baƙar fata su buga, shi kuma yana da ɗan wasa baƙi, Clarence Walker, sai ya ƙi zuwa. Shekara na zagayowa aka sauya dokar, suka je tare da yaron.

Zuwansa UCLA ma abin dariya ne. A 1948 jami'ar Minnesota yake so, an yi da su za su kira shi a waya, sai dusar ƙanƙara ta hana kiran shiga a kan lokaci, UCLA suka kira ya amsa musu, da 'yan Minnesota suka samu layi ya ce ai ya riga ya ba da kalmarsa. Da ya isa kuma wani tsohon ɗakin motsa jiki ya tarar, da 'yan kokawa suke raba wurin, shi da kansa yake share filin kafin atisaye.

To ga abin da mutane ke mantawa. Kaka 15 mutumin nan ya yi a UCLA bai ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i ba. 15 fa! A ƙwallon yau da tuni an sallame shi. Sai a 1964, da ƙungiyar da ba ta da dogayen 'yan wasa, suka koma matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarƙashin kwandonsu har su rikice su yar da ƙwallo, dabarar da mataimakinsa Jerry Norman ya matsa a gwada. Wasa 30, nasara 30. Daga nan kofi 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, 1967 zuwa 1973.

Lokacin ne Lew Alcindor ya zo, wanda daga baya ya musulunta duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar. Tsabar yadda ya addabi mutane, a 1967 aka haramta danna ƙwallo cikin kwando da hannu a wasannin jami'o'i, mutane da yawa suna cewa don shi aka yi, kuma duk da haka kofi uku ya ɗauka cikin shekara uku. Bayansa ga Bill Walton, wanda a wasan ƙarshe na 1973 ya jefa 22 ya ci 21. 'Yan UCLA sun yi wasa 88 a jere ba a doke su ba, sai a Janairun 1974 jami'ar Notre Dame ta tsayar da su da tazarar maki ɗaya tal, 71 da 70.

Amma fa ba zan ɓoye muku ba, labarin yana da tabo. Akwai wani attajiri, Sam Gilbert, da ke yi wa 'yan wasan hidimar da dokar gasar jami'o'i ta hana, har aka hukunta UCLA a 1981 bayan Wooden ya tafi. Har yau ana musu, ya sani ya kau da kai ne ko kuwa? Ni dai da wuya in yarda mutumin da ke lura da lanƙwasar safa bai ga komai ba.

Ya yi ritaya a 1975 bayan ya doke jami'ar Kentucky a wasan ƙarshe. Matarsa Nell ta rasu ranar 21 ga Maris 1985, daga nan duk 21 ga wata sai ya zauna ya rubuta mata wasiƙa ya ajiye a kan matashinta. Shi kuma ya rasu a watan Yunin 2010, saura wata huɗu ya cika shekara 100.