Bishiyar Filatan: Ta Jure Hayaƙin Landan, Zarto Ɗaya Ya Kayar da Ita

Ku dubi jikin wannan bishiya da kyau. Ɓawonta yana ɓarewa dabbare-dabbare, nan ruwan toka, nan kore-kore, can kuma fari-fari. Wanda bai san ta ba zai ɗauka ciwo gare ta, alhali lafiyarta lau. Haka take zubar da tsohon ɓawo tare da duk dattin da ya manne masa. Faransawa suna kiranta platane, a Iran da Kashmir ana ce wa 'yar'uwarta chinar, mu kuma a wannan bidiyo filatan za mu kira ta. Duk wanda ya taɓa yawo a Landan ko Faris ko Istanbul ya sha inuwarta, ko ya sani ko bai sani ba.

Wadda ta cika titunan Turai 'yar ruwa biyu ce. Iri ɗaya daga gabashin Amurka ya fito, ɗayan kuma daga yankin da ya tashi daga Girka ya bi ta Turkiyya har Iran. A ƙarni na 17 masu lambu suka haɗa su wuri guda, aka samu wannan da ta fi iyayenta taurin rai. Waɗanda kuke gani a dandalin Berkeley na Landan tun 1789 aka dasa su, kuma har yau suna tsaye. Lokacin da hayaƙin kwal ya turnuƙe birnin, bishiyoyi da yawa sun kasa. Filatan kuwa ko a jikinta: ɓawo ya ɓare da kunkunniyarsa, ganyen mai santsi ne, ruwan sama ya wanke shi.

To yaya ake samun ta? Masu renon tsiro ba su cika shuka irinta ba, domin 'ya'yan ruwa biyu ba sa fitowa iri ɗaya. Reshe suke yanka bayan ganye ya zuba, mai kaurin fensir, su kafa a ƙasa mai laima ya yi saiwa. Sai ta yi wasu shekaru a gidan reno kafin a kai ta bakin titi. Dashen kuma a lokacin sanyi ake yi, tsakanin Nuwamba da Maris, sa'adda bishiyar take barci.

Ramin ya zama mai faɗi, amma kada ya yi zurfi. Wurin da gangar jiki ta fara buɗewa zuwa saiwa, nan ne ya kamata ya yi daidai da doron ƙasa. In aka binne shi, ɓawon gindin ya ruɓe a hankali, bayan shekaru bishiya ta mutu ana ta neman dalili. A kafa mata turke, a ɗaure da sassauci yadda za ta ɗan motsa da iska, kuma da zarar ta kama ƙasa a cire shi. A baza ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace kewaye da ita, ba tare da ya taɓa gangar jikin ba. Ban ruwa shi ne babban aiki a shekaru 2 zuwa 3 na farko: a shayar da ita sosai jefi-jefi, ya fi a riƙa yayyafa mata kullum. Bayan haka ita ke neman abinta.

Abin da mutane suke mantawa shi ne girmanta. Tana wuce mita 30, saiwarta tana ɗaga daɓen gefen titi. A Landan akwai wata matsala ta daban: ƙasar yumɓu ce, in aka yi fari bishiya ta tsotse ruwan, yumɓun ya tsuke, bangon gida ya tsage. Shi ya sa ƙananan hukumomin birnin suke rage mata rassa a kai a kai, don ƙarancin ganye yana rage shan ruwa.

Wani zai ce, to me zai hana a kawo ta Kano? Bishiya ce ta bakin kogi, mai son ƙasa da laima da kuma watannin sanyi da za ta zubar da ganye ta huta. Aikin da take yi wa Faris, dogon yaro ya daɗe yana yi mana shi a Maiduguri da Kano ba tare da wannan wahala ba.

Yanzu ku dubi waɗannan na bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan da kasuwannin kudancin Faransa, masu ƙululu a ƙarshen kowane reshe. Da gangan aka yi haka. Tun tana ƙarama ake zaɓar manyan rassa, sannan duk shekara ɗaya zuwa 3 a datse sabon toho daidai wuri guda. Wurin ya yi ƙululu, ƙululun ya saba warkewa. Amma wanda ya fara wannan ya ɗauki alkawari, don in aka bari shekaru da yawa, rassan da suka fito suna yin nauyi su karye. Mafi muni a ganina shi ne a zo wa babbar bishiya da ba a taɓa datsa ba, a gille mata kai rana ɗaya. Wannan ɓarna ce, ko da an biya ma'aikaci ya yi ta. Ana yin datsa a lokacin sanyi, kuma akwai dalili na lafiyar mutum: sabon ganye da ƙwallon irinta suna da wani gashi mai laushi da ke shiga maƙogwaro ya sa tari da ƙaiƙayin ido.

Ga inda labarin ya juya. A kudancin Faransa akwai hanyar ruwa da aka haƙa, Canal du Midi, mai tsawon kusan kilomita 240 daga Tuluz zuwa gaɓar Bahar Rum. Pierre-Paul Riquet ne ya jagoranci aikin, aka buɗe ta a 1681, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 1996. A ƙarni na 19 aka jera mata filatan dama da hagu, har suka kai kusan 42,000. Suna riƙe gaɓa, suna rage ƙafewar ruwa.

A 2006 aka gano wata cutar funfuna a jikinsu, mai suna Ceratocystis platani. Asalinta Amurka ne, kuma ana danganta shigarta Turai da akwatunan katako na kayan yaƙi da sojojin Amurka suka sauke a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta rauni take shiga, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Bishiyar da ta haura shekara 100 sai ta bushe cikin 'yan shekaru, kuma babu magani.

Raunin kuwa galibi mutum ne ke yin sa. Zarton da ya yanki mai ciwo ya wuce kan mai lafiya ya kai mata cutar, tamkar askar wanzami ɗaya a kan kawuna goma ba a wanke ba. Motar haƙa ƙasa ta kankare saiwa. Masu jiragen shaƙatawa su ɗaura igiya a gindi, ko jirgi ya gogi saiwar da ke cikin ruwa, ruwan kuma ya ɗauki ƙwayar ya yi gaba. Ga saiwoyin maƙwabta sun haɗe a ƙarƙashin ƙasa, cutar tana bi daga wannan zuwa waccan. Kuma da yake duk jerin iri ɗaya ne, babu wadda ta isa ta tare mata hanya.

Fiye da rabin waɗannan bishiyoyi an riga an sare su. Ana sare mai ciwo da na kusa da ita, a ƙone katakon, har garin zarto ba a bari iska ta kwasa. Dokar Faransa ta wajabta wanke kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyi kafin a taɓa filatan da kuma bayan an gama, an kuma hana ɗaure jirgi a jikin bishiya. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasar, VNF, tana sake dashe, amma wannan karon da nau'o'i daban-daban, mafi yawa wani irin itacen da Turawa ke kira oak, mai jure fari, tare da wasu itatuwan yankin Bahar Rum, kowane sashe na hanyar da irin da ya dace da ƙasarsa.