Abokan tafiya a aikin sa-kai: yadda muka ɗaura gadar igiya a Ruwanda

(An rubuto wannan lacca daga rikodin, an gabatar da ita ne a gaban ɗaliban injiniya da na zanen gini)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙuri. Na baya kuna ji na ko? Yauwa.

An ce in yi magana kan aikin sa-kai a ƙasar waje, to ni dai a kan mutanen da na yi tafiya da su zan tsaya, don duk wanda ya tambaye ni labarin Ruwanda gadar yake tambaya, mita nawa ce, kuɗi nawa ta ci, babu mai cewa su wa ka kwana da su ɗaki ɗaya har sati biyu.

Irin wannan tafiya tana da asali. A 2000 wani farfesa na jami'ar Kolorado a Amurka, Bernard Amadei, ya je ƙauyen San Pablo a ƙasar Beliz ya tarar yara mata ba sa zuwa makaranta saboda ɗiban ruwa, ya koma ya kwaso ɗalibansa takwas suka zo suka sa famfo, daga nan a 2002 aka kafa ƙungiyar injiniyoyin sa-kai ta Engineers Without Borders ta Amurka. Ta ɓangaren gada kuma akwai ƙungiyar Bridges to Prosperity da Ken Frantz ya kafa a 2001 bayan ya ga hoton wata karyayyar gada a kan kogin Nilu na Habasha, mutane na jan ɗan uwansu da igiya su tsallakar da shi. Mu ma nan muna da namu, tun 1987 Najeriya take tura ƙwararru aikin sa-kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik.

Mu goma muka sauka Kigali, injiniyoyi bakwai, masu zanen gini biyu, sai shugabar tafiya. Tun a filin jirgi aka raba mu da ledojinmu don tun 2008 suka hana leda a ƙasar. Muka kwana, na samu na yi sallar Juma'a a unguwar Nyamirambo inda musulmi suka fi yawa, washegari mota ta ɗauke mu zuwa yamma, hawa da sauka hawa da sauka, ba banza ake ce mata ƙasar tsaunuka dubu ba. Ƙauyen yana gefe ɗaya na kwari, makaranta da asibiti da kasuwa suna ɗaya gefen, a tsakani akwai rafi wanda da rani yaro ma zai tsallake, amma daga Maris zuwa Mayu idan ruwa ya sauko daga kan duwatsu sai dai kowa ya zauna gida, mai naƙuda ma haka.

Abin da ya kamata ku sani, kafin mu iso mutanen garin sun yi wata da watanni suna aiki. Su suka fasa dutse, suka kwaso yashi a ka, suka haƙa ramin turke, maginansu suka ɗaga ginin dutse a gaɓa biyu. Suna da wani abu umuganda, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa ya fito aikin gari, wato gayya kenan irin tamu sai dai su gwamnati ta sa hannu a ciki. Mu baƙi namu shi ne jan igiyoyin ƙarfe, shimfiɗa katako, da sa ragar kariya a gefe.

To a nan ne abin ya faru, kuma ɗalibai ku buɗe kunne don akwai lissafi. Irin wannan gada igiyar ba miƙe take ba, ciki take yi a tsakiya, kamar igiyar shanya. Wannan cikin ba ado ba ne. Iya yadda ka rage shi iya yadda igiyar ke ƙara jan turken da ke riƙe da ita, idan ka rage cikin da rabi ƙarfin jan ya ninka biyu. Idan kuma ka sake ta da yawa ambaliya ta taɓa katakon ta tafi da shi. Tamu faɗinta wajen mita 60, cikin da aka tsara wajen mita 3, kashi 5 cikin 100 kenan. Ni aka ba awon don na fi kowa daɗewa a aiki, shekara goma sha takwas a lokacin. Gaɓar nan biyu tsayinsu ba ɗaya ba, ɗaya ta ɗara ɗaya da kusan mita guda, kuma daga ta ƙasa ya kamata in auna in sa alama, sai na auna daga ta sama. Aka wuni ana jan igiya huɗu a rana, aka ɗaure su, kowa ya gaji tilis, ni kuma ina murna mun riga jadawali.

Shugabar tafiyarmu tana da wata ƙa'ida, kullum bayan cin abincin dare, wake da ayaba ko dankali kusan kullum, sai a zauna kowa ya faɗi abu ɗaya da bai kwanta masa ba a aikin ranar, kuma daga ƙarami ake farawa, manya su ne ƙarshe. Ranar farko na ɗauka ɓata lokaci ne wallahi. Daren nan ƙaramin cikinmu wani yaro ne ɗan Ruwanda da bai daɗe da gama makarantar koyon sana'a ba, shi ke riƙe min sandar awo. Ya miƙe kansa a ƙasa, muryarsa na rawa, ya ce yana ganin igiyar ta fi yadda ya saba gani tauri, yana roƙon a sake aunawa. Ashe tun hantsi ya gani. Ya kasa faɗa min saboda furfurata, sai ya je ya raɗa wa wata injiniya 'yar Kanada da ke cikinmu, ita kuma ta ce ba za ta faɗa a madadinsa ba, shi ya gani shi zai faɗa, za ta zauna kusa da shi.

Ba zan ɓoye muku ba raina ya ɓaci, na ji zuciyata na cewa yaron da aka haifa ina jami'a. Amma na ɗauko littafina na haska tocila a gabansu, ban kai ƙarshen shafin ba na ga inda na zame. Cikin igiyar bai fi mita 2 ba, wato jan da ke kan turke ya ƙaru da kusan rabi tun ba a ɗora katako ko ɗaya ba, balle ranar kasuwa da mutane da buhunan wake da akuyoyi.

A daren ne injiniyar nan 'yar Kanada ta nuna mana wani ɗan zoben ƙarfe a ƙaramin yatsanta. Injiniyoyin Kanada tun 1925 suke sa shi a hannun da suke rubutu da shi, ya riƙa gogar takarda duk lokacin da za su sa hannu a zane, ya tuna musu nauyin da ke kansu. Ta ba mu labarin gadar Kebek ta ƙasarsu Kanada da ta rufta ran 29 ga Agusta 1907 ana cikin gina ta, ma'aikata 75 suka mutu. An ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800 ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba, ƙarafa suka fara lanƙwasa, matashin injiniyan da ke wurin ya gani ya yi ta kai rahoto har ya tafi Niyok da kansa wurin babban injiniya, kafin umarnin tsayar da aiki ya isa ga ma'aikata gada ta tafi cikin kogi. Ban yi barci ba daren nan.

Abin da ke damuna ke nan da mu. Mun taso da kunya da girmama na gaba, kuma ni ban ce a bar su ba, da su aka raine ni. Amma na yi aiki a wuraren gini da yawa a nan gida, na san birkila zai ga an rage rodi ya yi shiru, ɗan bautar ƙasa zai ga kankare ya sha ruwa ya ce wa ni in yi wa oga gyara. Kuma laifin ba na yaran ba ne, mu manya ne ba mu buɗe musu ƙofa ba. Yaron can da ba a ce ƙarami ne zai fara magana ba, da ba a samu wadda ta zauna kusa da shi ba, da shiru zai yi. Tun da na dawo duk inda nake da iko lebura da ɗan koyo ne ke fara magana a taron safe, wasu abokaina na cewa na zubar da girma, na ji na yarda.

Washegari muka kwance igiya huɗu muka sake ja, kwana ɗaya cur ya tafi, babu wanda ya yi min gori, wani dattijo magini ma da ba ma jin yaren juna ya zo ya riƙe min ɗaya bakin tef ɗin da kansa.

Masu zanen gini kar ku ce na manta da ku. Ɗaya daga cikin masu zanen gini biyun da muka tafi da su ta ishe mu da maganar hawan da ake bi a hau gadar, mu injiniyoyi muna cewa lissafi ya yi, ita kuma ta wuni zaune a bakin rafi tana kallon masu wucewa, mace da jarka a ka da goyo a baya, mai keke da damin ayaba, tsoho da sanda, ta dawo ta ce matakalar nan ba za ta hawu ba. Muka yi musu sosai har murya ta tashi. Ƙarshe aka cike da dutse aka mai da shi gangara mai sauƙi, ya ci mana kwana biyu na ɗiban dutse, kuma ranar buɗewa da idona na ga ɗan acaɓa ya hau da fasinja bai sauke ƙafa ba. Yaron nan ɗan Ruwanda shi aka ba makullin akwatin kayan gyara, shi zai riƙa duba ƙusoshin igiya da katako bayan kowace damina, har yanzu yakan turo min hoto a WhatsApp.

Shugaba yana nuna min agogo. Na ga hannu can baya, ƙanwata mai farin hijabi, a miƙa mata makirufo.