Sharhi: Kyamara Ta Yi Arha, Labari Ya Yi Tsada

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya bi ta titin Zoo Road a Kano zai ga samari da ƴanmata cike da ƙofar ofisoshin furodusoshi, kowa na neman a saka shi a fim. Wasu ma sun wuce nan, da waya kawai suke ɗaukar shiri mai dogon zango su ɗora a YouTube. Kayan aiki sun samu. Amma tsayar da ɗaya ka tambaye shi littafin da ya karanta a bana, sai ka ga ya hau sosa ƙeya.

Alhali kuwa sana'ar nan da littafi ta yi wayo. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi. Da aka shiga zamanin bidiyo a shekarun 1990, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suna cikin waɗanda suka mayar da littattafansu fim.

Ko mu leƙa Senegal. Ousmane Sembène, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, bai yi nisa a boko ba. Dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, yana cinye littattafan laburaren ƙungiyar ƙwadago. Sai da ya wallafa littattafai, yana dab da shekara 40, sannan ya tafi Mosko koyon fim.

Rashin karatu ba ya ɓuya a allo. Za ka ga an naɗa wa jarumi rawanin sarauta, amma bakinsa na ɗan tasha ne. Bafade bai iya kirari ba, tsohuwa ba ta da karin magana ko ɗaya. Kashi na 30 maimaicin kashi na 3 ne, kishiya da boka. Fassarar Turancin da ake rubutawa a ƙasan allo kuwa, abin ba a cewa komai, har ta zama abin barkwanci a Facebook. Mai koyon yare daga hirar waya kaɗai haka yake ƙarewa: yana da kalmomi, bai san inda ake ajiye su ba.

Wani zai ce littafi ya yi tsada. Gaskiya ne. To amma kuɗin datar da ake ƙonawa a TikTok fa? Kuma laburaren Murtala Muhammad na nan a Kano, daga Zoo Road Adaidaita ɗaya ce za ta kai ka.